Kuɗin jikin kaya daban, kuɗin kanta daban

Ni fa abin da ya sa na yarda na shiga irin manyan shagunan kayan nan masu esi da gilashi shi ne babu ciniki. An liƙa kuɗi a jikin riga, in ya yi maka ka ɗauka, in bai yi ba ka ajiye ka fita. A Kantin Kwari kai da mai kaya za ku ja, ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya ce saura kaɗan, har ya sallama, kuma daga lokacin da ya ce na sallama magana ta ƙare, ba zai tsaya bayan ya ninke maka atamfar ya ce ai akwai kuɗin leda ba. To shagon da ya hana ni tayi, shi ya fi kowa cancantar ya tsaya a kan kuɗin da ya rubuta da hannunsa. Amma yanzu a wasu wuraren sai ka je kanta ake fara sabon lissafi.

Kwanaki na raka ƙanwata sayen abaya. Tun kafin mu kai wajen biya yarinyar shagon ta ɗauko mayafi ta yafa a kai, tana cewa "Hajiya ai tare suke, saiti ne". Jin tare suke kowa zai ɗauka kuɗin da ke jikin abayar ya haɗa da mayafin. Da aka buga a kwamfuta sai ga mayafi da nashi kuɗin, ga wata jakar takarda mai sunan shagon da ba wanda ya ce a saka ita ma da kuɗinta, ga harajin VAT a ƙasa, sannan da muka ce da kati za mu biya aka ce akwai cajin POS. Ƙanwata ta kalle ni, na ga hannunta ya nufi jaka za ta biya kawai, saboda akwai mutane a bayanmu kuma an riga an ce mata Hajiya.

Wannan kunyar ita suke ci. Sun san mutuminmu gara ya yi asara da a gan shi yana mayar da kaya a gaban jama'a, balle ango da ya zo haɗa lefe da 'yan uwa mata, ko magidanci da yara suka riga suka rungume kayan sallarsu. Shi ya sa ba sa faɗin ƙarin tun kana zaɓe, sai an ninke an saka a leda, sai layi ya taru. Tallata kaya ba laifi ba ne, ka ce ga takalmin da zai shiga da shaddar nan kuɗinsa kaza, wannan kasuwanci ne. Amma ka ce "kyauta ce ta promo" alhali ka ɗora kuɗin a wani layin rasit, ko ka manna ragin kashi 50 a ƙofa sai an zo biya ka ce ai wancan layin ne kawai ragin ya shafa, wannan algus ne, kuma mun sha jin hukuncinsa a bakin malamai.

Doka ma ba ta bar abin haka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a nuna farashi a fili kuma kada a karɓi fiye da abin da aka nuna. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja a kan wannan maganar ta kuɗin jikin kaya bai yi daidai da na wajen biya ba. VAT kuwa gaskiya ne akwai shi, kashi 7.5 tun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5, amma kuɗin gwamnati ne ba na mai shago ba, kuma a lokacin dokar da ta ɗaga shi ta cire ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba daga cikin masu karɓarsa. Don haka in ɗan ƙaramin shago ya rubuta maka VAT da biro a ƙasan rasit kana da damar ka tambaya ina yake kai shi. Cajin POS na sayen kaya shi ma a ka'idar Babban Banki mai shago ne ke biyansa, ba irin na masu POS na bakin titi ba ne da kake cirar kuɗi a wajensu.

Na san haya ta yi tsada, ga dizal, ga albashin yara, ba na musu. To a haɗa duk a cikin kuɗin rigar a rubuta mana, mu gani tun daga nesa mu san ko aljihunmu zai ɗauka.

Ranar dai na ce wa mai kantar ya karanto mana abu ɗaya bayan ɗaya. Aka cire mayafi, aka cire jakar takarda, cajin POS ya ce sai dai a kira manaja, manajan ya zo ya ce a bar shi. Wata baiwar Allah da ke bayanmu da yara biyu ta buɗe ledarta ita ma ta ce a karanto mata nata kafin ta miƙa kati.