Farin filin da ke cikin jadawalin ajin Sinanci

Ranar da aka raba mu aji-aji, a farkon Satumbar 2017, malamarmu ta miƙa wa kowa takarda guda mai ɗauke da jadawalin mako. Na duba na ga Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa gab da 12 na rana, sai kuma fili fari fat daga nan har ƙasan takardar. A raina na ce ashe abin da sauƙi, rabin yini ne kawai. Na zo birnin Tianjin ne da tallafin karatu na gwamnatin Sin domin in karanci injiniyanci, amma da sharaɗin sai na yi shekara guda ina koyon harshe, na kuma ci jarrabawar ƙwarewa a Sinanci da ake kira HSK, mataki na 4, kafin a bar ni in shiga sashena. A lokacin ban san cewa wannan farin filin shi ne ainihin karatun ba.

Ga yadda safiyar take. Kowane darasi minti 45 ne, ana haɗa biyu-biyu da ɗan hutu a tsakani, darussa huɗu a rana, ashirin a mako. Kusan rabinsu na babban darasi ne da suke kira zonghe, wato wanda ya haɗa komai: sabbin kalmomi, nahawu, karanta nassi da rubutu. Malamar zonghe ita ce uwar aji, ita ke kiran suna, ita ke sanin wanda ya yi rashin lafiya da wanda ya makara. Sauran lokacin aka raba shi tsakanin kouyu, darasin magana, da tingli, darasin saurare, da kuma darasin haruffa, wanda daga baya ya koma na karatu da insha'i. Kowanne da malaminsa da littafinsa da jarrabawarsa.

Da farko na ɗauke su a matsayin fannoni huɗu daban, kamar yadda muka saba a gida, wannan lissafi ne, wancan kimiyya. Sai da aka yi makonni na lura cewa abu ɗaya ne ake juya mana ta fuska huɗu. Kalmomin saye da sayarwa da muka haɗu da su ranar Litinin a zonghe, su ne za mu yi cinikin tuffa da su ranar Talata a kouyu, ranar Laraba mu ji wasu mutum biyu suna faɗinsu da sauri a na'urar tingli, ranar Alhamis mu rubuta su a takarda mai gidaje. Kafin Juma'a kalma ta ratsa ta ido da baki da kunne da hannu. Wanda ya yi fashin safiyar Litinin ba darasi ɗaya ya rasa ba, ya shiga sauran makon ne ba jari. Shi ya sa dokar halarta take da tsauri: a makarantarmu wanda ya rasa kashi ɗaya cikin uku na darussa ba zai zauna jarrabawar ƙarshen zango ba. Na yi ta jin haushin wannan doka, ina ganin ana ɗaukarmu kamar 'yan firamare. Yanzu da ni za a ba aji, ba zan sassauta ta ba.

Makonni biyun farko ba mu taɓa harafin Sinanci sosai ba. Pinyin aka sa mu a gaba, wato tsarin rubuta sautin Sinanci da baƙaƙen boko wanda gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958, tare da karin sauti guda huɗu. A nan ne na ga wata baiwa da Bahaushe ke yawo da ita bai sani ba. Da malama ta rubuta ma sau huɗu a allo, ɗaya uwa, ɗaya wata irin rama, ɗaya doki, ɗaya faɗa, 'yan ajinmu da suka zo daga Rasha da Kazakistan suka riƙe baki. Ni kuwa na tuna kuka na hawaye da kuka ta miya. Mu ma da hawa da saukar murya muke rarrabe su, ba mu dai rubutawa ne. Kunnena ya riga ya yarda cewa murya tana canza ma'ana, kuma wannan rabin aikin ne.

Sauran rabin bai zo da sauƙi ba. Namu karin sautin sama ne da ƙasa da mai faɗuwa, nasu kuwa akwai mai tashi kamar tambaya, akwai mai nutsewa ya taso. Waɗannan biyun, na biyu da na uku a jerin nasu, sun daɗe suna rikice mini. Akwai kuma kalmar mai, wadda in ka nutsar da ita saye ce, in ka sare ta ƙasa sayarwa ce. Sannan bambancin b da p a pinyin ba irin namu ba ne, iska ce ke fita ko ba ta fita. Malamin kouyu yakan sa mu riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ta motsa ka faɗi p daidai. Yana cewa "gen wo du", ku bi ni, mu ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi, sau biyar, sau goma. Wasu Turawan ajin sun ga wannan tsohon yayi ne. Ni ban ga baƙon abu ba, domin da haka aka biya mini allo a zauren unguwarmu.

Kuskurena babba a kan haruffa na yi shi. Na ga bakina yana buɗewa da wuri, ina iya sayen abinci a kantin musulmi na makaranta, wanda ake gane shi da alamar qingzhen, wato halal, ina iya gaya wa direban tasi inda za ni. Sai na raina rubutu. Na ce ai a waya da pinyin ake bugawa, harafin ya fito da kansa, me zai sa in ɓata yammata ina zane? Kullum da safe kuwa, minti goman farko na zonghe na tingxie ne, wato shifta: malama ta faɗi kalmomin jiya, mu rubuta da ka. Ina samun rabi, wani lokacin ƙasa da haka, ina ce wa kaina zan rama.

Bayan hutun ranar ƙasa na farkon Oktoba abin ya fito fili. (Hutun nan ma ya koya mini wani abu game da kalandarsu: don a haɗa kwana takwas a jere, sai da muka shiga aji ranar Asabar 30 ga Satumba. Suna kiran wannan musanyar tiaoxiu, kuma a ranar jadawalin wata ranar mako ake bi.) Da muka dawo, littafin ya fara janye pinyin daga saman nassi. Na buɗe shafi na ga baƙi ƙirin, kalmomin da na san su a kunne amma ban gane fuskarsu ba. A jarrabawar tsakiyar zango na yi kyau a magana, na sha da ƙyar a zonghe.

Malama ta kira ni ofis bayan an tashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni abin da nake yi daga ƙarfe 2 zuwa 5. Na faɗa mata gaskiya: barci, waya, hira da 'yan gida. Ta ɗauko jadawalin nan ta nuna farin filin, ta rubuta kalmomi biyu a ciki, fuxi da yuxi. Na farko bitar abin da aka yi yau, na biyu share fagen na gobe. Ta ce ita idan ta shigo aji tana ɗauka cewa kowa ya riga ya karanta sabbin kalmomi talatin ɗin, ya san yadda ake furta su, aikinta shi ne ta nuna yadda ake amfani da su. Ashe duk makonnin nan a aji nake haɗuwa da kalma karon farko, alhali abokaina 'yan Koriya karo na biyu ko na uku ne suke ganinta. Na ɗauka sun fi ni kai ne, ko don harshensu ya ari kalmomi da yawa daga Sinanci. Wannan ma yana ciki, amma babban bambancin a laburare yake da yamma.

Na sayi littafin tianzige, mai gidaje murabba'i da aka raba huɗu, na koma kamar ɗan kotso. A nan na gane cewa harafi ba hoto ba ne da ake haddacewa dunƙule. Yana da gaɓoɓi. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ce, za ka same su a kogi da teku da wanki. Ƙaramin murabba'i baki ne, yana cikin ci da sha da kira. Sau da yawa ɓangare ɗaya yana nuna dangin ma'ana, ɗayan yana ba ka hasken lafazi. Akwai kuma ƙa'idar jan layi, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, a shiga ɗaki kafin a rufe ƙofa. Da na raina ta, amma ita ce ke sa hannu ya riƙe abin da kai ya manta. Jadawalin haruffa da gwamnatinsu ta fitar a 2013 yana da 8,105, kuma 3,500 na farko su ne na yau da kullum. Ba wanda zai kai ko kusa da nan da kallo kawai.

Sanyin Disamba ya same ni a wannan hali. Ƙarfe 7 gari bai gama wayewa ba, iska tana yanka kunne, ga shifta tana jira ƙarfe 8. Na mayar da bitar haruffa bayan sallar asuba, lokacin da kai yake wasai, yuxi kuma bayan la'asar. Ranar Juma'a jadawalin ya yi mana adalci ba da niyya ba, ana tashi kafin 12, mu kama hanyar masallaci.

Zangon farko ya ƙare a Janairu. Hutun hunturu yana bin bikin bazara ne, wanda a 2018 ya faɗo ranar 16 ga Fabrairu, don haka sai wajen farkon Maris aka koma. Makaranta ta yi tsit, kantuna da yawa a rufe, kowa ya tafi garinsu. Wannan dogon hutu yana da haɗari ga mai koyon harshe. Na ga waɗanda suka fi ni a Janairu sun dawo suna laluben haruffan da suka iya a Nuwamba. Ni tsoron abin da ya same ni a baya ya sa ban ajiye littafin ba.

Zango na biyu wani abu ne daban. Malamai suka daina ko ɗan taimakon da suke yi da Turanci, sabuwar kalma da tsofaffin kalmomi ake bayyana ta. Aka ƙara darussan yamma kwana biyu, na Sinancin kimiyya, inda muka koyi yadda ake faɗin kusurwa da nauyi da saurin gudu, da kuma atisayen HSK. A tsarin da muka yi, mataki na 4 yana neman kalmomi 1,200, tambayoyi 100 ne, maki 300, ana ci da 180. Ina da ƙorafi ɗaya a kan wannan zango, kuma har yanzu ina nan a kansa: daga Afrilu jarrabawa ta cinye darasin magana. Muka koma cike tsofaffin takardu, aka rage hira. Kalmomi 1,200 suna ba ka takardar shaida, amma ba sa isa ka bi lakcar farfesa mai magana da sauri da karin harshen garinsu. Wannan sai da na shiga sashen injiniyanci na ɗanɗana shi, na shafe zangon farko ina naɗar lakca a waya ina sake saurare da dare. Da an bar kouyu da tingli da ƙarfinsu har ƙarshe, da mun fi amfana.

Azumin shekarar ya kama a tsakiyar Mayu, daidai lokacin da atisaye ya yi zafi, ga yini mai tsawon sama da awa 16. Bayan sahur ba na komawa barci, nakan zauna da katunan kalmomi har gari ya waye, in rama barcin da rana lokacin da Sinawa ma suke ƙailularsu. Malamar zonghe ta lura ba na zuwa da gorar ruwa, ta tambaya, na yi mata bayanin azumi da Sinanci, jimla bayan jimla, ba tare da na nemi kalma a waya ba. Ta gyara mini wuri ɗaya da na sa wata 'yar kalmar nahawu, le, inda bai dace ba, ta ce in sake faɗa, na sake. Sannan ta juya ga allo ta ce a rufe littattafai, lokacin tingxie ya yi.