Ran Asabar na kai labarin ƙarshe a zauren Kawu

'Yan'uwa masu koyon ba da labaran Littafi Mai Tsarki da ka, na daɗe ban rubuto muku inda na kwana ba, kuma kunya ce ta sa na yi shiru, domin wata huɗu ke nan ina fama da labari ɗaya tak, wato misalin ɗan da ya ɓata da ke cikin Luka 15, daga aya ta 11 zuwa ta 32. Ran Asabar da ta wuce ne Allah ya sa na kai shi ƙarshe a gaban Kawuna, a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi, ba littafi a hannuna, ba takarda a aljihu, kuma har yau farin cikin bai sake ni ba.

Wasunku za su tuna da lasifikar nan mai caji da na yi ta yabo a taronmu. Naira 18,000 na zuba a kanta a watan da ban gama biyan kuɗin makarantar yara ba, saboda a lokacin na ɗauka gabagaɗin da manzanni suka roƙa a Ayyukan Manzanni 4:29 yana nufin ɗaga murya. Na taso ina ganin 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa suna shiga ƙauyuka da ganga da waƙa, aikin da suke yi tun shekarun 1960, kuma ba na raina shi ko kaɗan, sai dai dandali daban, zauren dattijo ɗaya daban. Da na kunna wa Kawu karatun, bai kai minti biyu yana saurare ba ya tambaye ni ko abin yana kama sashen Hausa na BBC. Bayan mako shida ta daina ɗaukar caji, tana nan a kan kwabet ɗin maiɗakina, ni kuwa ba na son ko kallon wajen.

Ainihin abin da ya ɗaure ni shi ne hadda. Mu da muka taso da haddar aya a makarantar Lahadi mun saba riƙe magana kalma bayan kalma, don haka na zauna na haddace ayoyin nan 22 daga fassarar 1979, ina maimaita su a hanyar zuwa aiki har suka zauna. A ɗaki ni kaɗai ba na tuntuɓe. Amma irin wannan hadda kamar zaren duwatsun wuya take, da zarar an tsinka shi a wuri ɗaya sai duk su watse, ga shi kuma Bahaushe ba ya sauraron labari baki rufe. A zuwana na biyu ban wuce aya ta 12 ba Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya tukuna. Uban yana da rai aka raba gadon?" Na ce yana da rai. Ya ce, "Kuma bai tsine masa ba?" Maimakon in ce a'a in wuce, sai na shiga yi masa bayanin Maimaitawar Shari'a 21:17 da yadda ɗan fari yake samun rabo biyu, kuma da na waiwayo neman inda na tsaya sai na tarar babu komai a kaina. Na koma farko. Ya sake tsayar da ni a daidai wurin, na sake komawa farko, har ya miƙe ya ce bari ya duba awakinsa. Na hau motar Zariya ran nan ina lissafin naira 7,000 na zuwa da dawowa, ban da goro da sukari, kuma ban iya yi wa kowa magana ba har muka iso.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai da na naɗi muryata a waya na saurara. Da na fara labarin sai muryata ta sauya ta koma ta kan mumbari, ina jan kalmomi, ina ta cewa "ƙaunatattu" alhali mutum ɗaya ne a gabana, kuma shi ne ya goya mahaifiyata. Wani wurin ma tsohuwar fassarar 1932 ce take kutsowa, wadda su Dakta Walter Miller na Wusasa suka yi aikinta, domin da ita mahaifina yake mana karatun asuba, irin mai rubuta "chikin" da "ch". Ina girmama wannan Hausa, da ita aka raine ni, amma ba da ita ake cinikin dawa a kasuwa ba, kuma ba da ita Kawu yake faɗa da jikokinsa ba.

Na yi watsi da hadda, na raba labarin zango biyar: rabon dukiya a gida, ƙasa mai nisa da yunwarta, garken aladu, hanyar dawowa, sannan wan da ke gona. Kowane zango ina kallonsa a zuciyata kamar wurin da na taɓa tsayawa, in faɗi abin da na gani da Hausar gidanmu. Nan wata matsalar ta ɓullo, wadda ta fi ba ni tsoro, domin baki in ya sami sakewa sai ya fara ƙari. Duk dare nakan naɗi kaina, in buɗe Littafin, in bi aya-aya ina rubuta abin da na ƙara da abin da na zubar. A naɗi na uku na ji kaina ina cewa uwar yaron ta yi ta kuka, alhali babu uwa ko ɗaya a cikin labarin. Har wa yau na yi mako biyu ina cewa yaron ya ƙarar da dukiyar a kan karuwai tun a zango na biyu, sai daga baya na lura cewa wannan zargi daga bakin wansa ya fito, a aya ta 30, cikin fushi, kuma in na riga shi faɗa na mayar da zargin ɗan'uwa ya zama shaidar mai ba da labari. Ku duba naku, ina kyautata zaton ba ni kaɗai na yi wannan ba. Maiɗakina ce ta taimake ni da sauran, domin na roƙe ta ta riƙa katse ni da gangan tana tuƙa tuwo, ta jefo tambaya ko ta aiki yaro, ni kuma in ci gaba daga zangon da nake. Ta ji daɗin aikin fiye da yadda ya kamata.

Mabuɗin labarin ma sai da na sauya shi. Wani a cikinmu ya taɓa ba da shawarar a fara da "ga ta nan, ga ta nanku" don jawo hankali, amma ni ban yarda ba, domin wanda ya ji haka ya san tatsuniya ce za ta biyo, irin wadda ake rufewa da ƙurunƙus, kuma dattijo ba zai zauna ɗan ƙanwarsa ya yi masa gizo da ƙoƙi da rana tsaka ba. Abin da nake cewa yanzu shi ne, wannan misali ne da Yesu Almasihu ya bayar da bakinsa, yana rubuce a cikin Linjila.

Na isa bayan la'asar, na tarar an yanke dawa an jingine kara, Kawu yana zaune a kan buzu a bakin zaure yana tufka igiyar rama, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da amfanin bana, na ce, "Kawu, labarin nan da ya gagare ni ne na sake kawowa." Ya ce, "To, Allah ya sa yau ka san hanya." Ya katse ni a wurin gadon kamar yadda ya saba, na amsa da kalma biyu na wuce. Da yunwa ta kama yaron har ya yi sha'awar abincin aladu, sai ya ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da na ce uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa da gudu, sai ya ajiye igiyar ya ce, "Dattijo da gudu? A gaban mutanen gari?" Na ce haka aka rubuta. Ya girgiza kai, amma bai sake ɗaukar igiyar ba.

Zango na biyar ne na fi rainawa a lokacin shiri, har na taɓa tunanin yanke shi, ashe nan ne labarin zai kama shi. Da ya ji wan ya dawo daga gona ya iske kiɗa da rawa, an yanka kiwataccen maraƙi, shi kuwa ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba, sai ya gyara zama. Da ya ji uban ya bar baƙi ya fito waje yana lallashinsa, ya ce, "Ɗan farin nasa?" Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu, uba ba ya ko kiran sunansa, balle ya fito bainar jama'a yana roƙonsa ya shigo gida, kuma ni da na yi wata huɗu a kan ayoyin nan ban taɓa kallon wurin ta wannan fuska ba. Na faɗi maganar uban ta ƙarshe na yi shiru. Ya ce, "Ya shiga?" Na ce Littafin bai faɗa ba. Ya ce, "Ko dai ka sake mantawa ne?" Na ce a'a, Kawu, nan ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon wajen rumbuna kafin ya ce shi ma da ba zai shiga ba. Sannan ya tuna mini abin da na sani amma ban haɗa shi da labarin ba, cewa shi ne ya zauna da gonar kakanmu ya yi jinyar tsohon har ya binne shi, lokacin da mahaifiyata da ƙaninsu suka tafi makarantar mishan suka zarce birni. Ya ce, "Ku ne kuka tafi, ga shi kuma ku ne kuka dawo da labari." Wa'azi mai kai uku ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Shi da kansa ya tambaya ko ni na yarda akwai uba irin wannan, kuma a nan ne gabana ya faɗi fiye da ranar lasifika, domin babu abin da zan ɓuya a bayansa. Na ce masa na gaskata haka Allah yake, yana fitowa neman wanda ya tafi da wanda ya zauna, kuma Yesun da ya ba da misalin ya mutu saboda zunubanmu ya tashi, shi ya sa nake binsa. Ban taɓa faɗa wa wani babba a danginmu wannan magana ido da ido ba, kuma muryata ta yi rawa, amma da muryata ta gida na faɗe ta.

Kada kowa ya je ya ba da shaida a majami'a cewa Kawuna ya tuba, domin bai ce haka ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Abin da ya ce shi ne in dawo bayan sussuka da wani labarin, kuma in bar sukari in ƙaro goro.

Na zaɓi misalin mai shuka na Luka 8, kuma tun yanzu na hango inda zai tsayar da ni. A wurinmu da sungumi ake saran rami, a jefa iri a rufe da diddige, don haka zai tambaye ni wane irin manomi ne yake watsa irinsa a kan hanya da kan dutse da cikin ƙaya. Ina tunanin in kwatanta masa da yadda ake yafa irin shinkafa a fadama kafin in fara labarin, don kada bayanin ya shiga cikin nassin, amma ina tsoron kada gabatarwar ta fi labarin tsawo. Wanda ya taɓa ba manomi wannan misali a cikinku, ya rubuto mini yadda ya bi da wurin kafin ƙarshen wata, domin sussukar ba za ta jira ni ba.