Yadda nake sanya wa takunkumin fuska ɗinkin gida roba

Hunturu ya kankama a Bauchi, ƙura ta lulluɓe gari har duwatsun da ke kewaye da mu ba sa ganuwa sosai da safe, shi ya sa na sake fito da ragowar atamfofin da nake tarawa a ƙarƙashin keken ɗinki. Na fara ɗinka takunkumi a shekarar 2020, bayan an tabbatar da shigowar cutar korona Najeriya a ranar 27 ga Fabrairu, sannan a watan Maris aka sanar cewa Gwamna Bala Mohammed ma ya kamu. Cutar ta lafa, amma masu tuƙa Keke Napep da tsofaffin da ƙura ke tayar wa asma ba su daina nema ba. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, yadi ba ya ba da wahala, roba ce take mutuwa tun atamfar ba ta koɗe ba.

Da farko nakan cusa bakin robar tsakanin yadi biyu a kusurwoyi huɗu, in bi ta kai da keke gaba da baya har sau uku. Ɗinkin yana riƙewa, sai dai ranar da robar ta saki dole a farke gefen gaba ɗaya, kuma mafi yawan mutane ba za su tsaya yin haka ba, jefar da takunkumin suke yi alhali yadinsa lafiya lau. Mahaifiyata ce ta ankarar da ni ranar da ta miƙo mini nata, ta ce, "Ke da kike ɗinka wando, me ya hana ki yi masa ƙubaka?" Na ce, "Inna, wallahi tunanina bai taɓa kai wa nan ba."

Yanzu idan na haɗa yadin mai tsawon inci 10 da faɗin inci 6, ninki uku kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a watan Yunin 2020, sai in kalmashe gajerun gefen biyu da rabin inci in ɗinke, su zama mazugin da roba za ta bi kamar zariyar wando. Daga nan in yanka roba inci 7 ga kowane kunne idan na babba ne, in maƙala fil a bakinta in zura ta har ta fito ɗaya ɓangaren. Ba na tamke ƙullin sai mai takunkumin ya gwada a fuskarsa, domin tazarar kunci da kunne ba ɗaya ba ce a wurin kowa. Idan ya zauna daidai sai a tamke, a ja ƙullin ya ɓuya cikin ƙubakar don kada ya riƙa gogar bayan kunne. Wani amfanin da ban zata ba shi ne, idan robar ta ja, gefen yakan tattare ya manne da kunci, ya toshe kafar da ƙura take bi.

Wajen sayen roba a Kasuwar Wunti, siririya nake nema wadda ba ta wuce kwatan inci ba, kuma sai na ja ta da hannu kafin in biya. Wadda take ƙara sirancewa idan an ja ta, ita ce mai cin bayan kunne kafin azahar, wadda kuwa faɗinta bai canja ba ta fi laushi.

Mata masu hijabi ba na yi musu na kunne, saboda ba kowa ce za ta so ta tura hannu cikin hijabi a bakin titi ba. Doguwar roba guda nake zurawa ta ƙubakar biyu, ta zagaya ƙeya ta saman hijabin, kuma a kan mai takunkumin nake auna tsawon robar.

A wanke da sabulu a shanya, amma kada dutsen guga ya taɓa robar, kada kuma a jiƙa ta cikin bilic. Idan roba ta yi wuya, tsohuwar singileti ma ta wadatar: a yanka tsiri mai faɗin inci 1, a ja shi ya naɗe kansa ya zama igiya mai laushi, a zura shi kamar yadda ake zura robar.