Kujerun fata a falonmu

Shekara uku ke nan da na sayi kujeru a nan Gusau, aka rantse mini na fata ne. Bazara biyu kacal suka yi, hannun kujera ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai ga farin ƙyalle a ƙasa. Ashe leda ce aka liƙa. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don kuɗin adashina ne na shekara guda.

Wannan karon da Kawu na tafi sayen wasu kujerun, shi da ya tashi cikin dukawa. Ya ɗaga matashin kujerar, ya shinshina, ya danna da babban yatsa. Ya ce, "Ɗiyata, matso ki gani. Fatar gaske in kin danna tana tattarewa, bayanta kuma kaushi gare shi. In jimar gida ce har ƙanshin bagaruwa za ki ji."

Ta saniya ya zaɓa mana, ta fi kauri. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ya ce tumtum ta fi dacewa da shi.

Yanzu da hunturu ya shigo, da tsumma mai laima nake goge su, na kuma janye su daga bakin taga.