Motar Yaya da ta tsallaka iyaka

Ranar wata Juma'a aka ɗauke motar yayana a ƙofar masallaci. Ya fito da makulli a hannu, ya tarar da wurin wayam, sai sawun taya a rairayi. Bayan kwana biyu wani direba mai jigilar Jibiya zuwa Maraɗi ta Magama, inda shingen iyakar Najeriya da Nijar yake, ya ce masa: "Alhaji, in dai ta wuce Magama, sai haƙuri."

Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. Iyakarmu da Nijar ta haura kilomita 1,500. Ɓarawo kan bi ta daji cikin dare ya wuce abinsa, ɗan sanda kuwa da ya isa shinge ikonsa ya ƙare.

Amma ai mun ga abin da haɗin kai ke yi idan an so. Abdulrasheed Maina, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran fansho, ya tsere bayan an ba shi beli, har aka kai Sanata Ali Ndume da ya tsaya masa gidan yarin Kuje. A ƙarshen Nuwamban 2020 aka cafke shi a Yamai, cikin 'yan kwanaki aka dawo da shi Abuja, a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8.

Irin wannan haɗin kai shi ne aikin Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa. Da ina zaton wata runduna ce mai bindiga. Ashe ba ta kama kowa. Daga hedikwatarta a Lyon ta Faransa bayanai take rarraba wa ƙasashe 196, kowace ƙasa da ofishinta, 'yan sandan gida ne ke kamu. Har rumbun bayanan motocin sata gare ta. In an shigar da lambar jikin mota a Abuja, jami'in da ya tare ta a wata ƙasa zai iya dubawa ya gane ta sata ce.

Abin da ke damuna yanzu siyasa ce. Tun juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar dangantakarta da Najeriya ta yi tsami, a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Masu satar shanu da masu safarar makamai kuwa ba su daina gaisawa ba.

Makon jiya na tambayi Yaya ko an shigar da lambar motarsa a rumbun. Ya yi shiru, ya ce ba wanda ya taɓa faɗa masa akwai irin wannan. Ya tashi ya ɗauko takardun motar a cikin leda, makullin na ciki, muka kwafi lambar. Litinin za mu koma ofishin 'yan sanda tare.