Kayen da Inna ta ɓoye mini a gindin adaka

Zuwa ga ƴan'uwana na Maradi, musamman ƙannena ƴan mata da samari masu tasowa, da iyayen da ke riƙe da su.

Assalamu alaikum. Ina gaida ku da gida, ina gaida ku da ƙoƙari. Daga Liyon ta ƙasar Faransa nake rubuto muku, inda nake aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi. Na daɗe ina son in yi muku wannan magana, sai dai ban samu bakin zaren ba sai da ruwa ya kawo mini shi.

Kun fi ni sanin ɓarnar ruwan da aka yi a ƙarshen Agustan 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A gidanmu na Bagalam bangon ɗakin Inna ne ya zauna, ɗakin da ba a cika buɗewa ba tun rasuwarta. Ƙanena ya jawo adakarta daga cikin laka. Ƙarƙashin zannuwanta da ragowar turaren wuta ya tarar da wata baƙar leda an ƙulle ta tam, a ciki kaye biyar, wato littattafan rubutu na lakwal, irin mai shafi 100 da lissafi a bayan bango. Uku sun tsira, biyu ruwa ya shige su. Ya buɗe shafin farko, ya gane rubutuna, ya mayar ya ƙulle. Wata baiwar Allah da za ta taho nan ita ta kawo mini su a jakarta.

Kayen sirrina ne, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa dayari. Na fara shi a 2004 ina shekara 13. Madam ɗinmu ta Faransanci ce ta ce kowa ya riƙa rubuta layi biyar kullum dare, ko hannu ya saba. Da Faransancin na fara, amma ko wata ban yi ba Hausa ta ƙwace alƙalamin, don haushi da kewa ba sa zo mini da harshen lakwal. Ba wanda ya koya mana rubuta Hausa, saboda haka da ƙa'idar Faransanci na riƙa jan ta: "tchiki", "kouka", "rouwa". Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san wannan rubutu.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau yana cikin kaye na biyu, na shekarar 2005.

Manyanku suna tune da ita. Fara ta sauka a 2004, damina kuma ta ɗauke da wuri, kafin a kai tsakiyar 2005 tiyar gero ta fi ƙarfin talaka. Mata daga ƙauyuka suka riƙa kwararowa da ƴaƴa a goye zuwa cibiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, ana auna hannun yara ana cewa tamowa ce. Danginmu na wajen Dakoro suka sauka gidanmu, mata uku da yaransu, suka yi watanni. Shekara da shekaru, duk sanda aka tambaye ni labarin yunwar nan a nan Turai, abu ɗaya nake faɗa: mun karɓi baƙi hannu bibbiyu, ni ce mai goyon jaririnsu, ni ce mai raka su likita. Ban ɗauka ƙarya nake ba. Haka na gan shi a zuciyata, tar kamar jiya.

Ga abin da yarinyar da ta gani da idonta ta rubuta a watan Yuli: "Yau ma tuwo bai ishe ni ba saboda baƙin nan. Sun cika mana ɗaki da kuka. Allah ya sa su tafi." Ba sau ɗaya ba. Na ƙirga dare shida da na rubuta makamancin haka. Goyon da nake taƙama da shi sau biyu kacal ya fito, kuma duka biyun Inna ce ta sa ni.

Na ajiye kayen na yi kuka mai isata. Da na sake ɗauka, shafi kaɗan gaba, sai ga wani layi: "Inna ta ce ta ci nata a madafa. Na leƙa tukunya, ƙanzo ne kaɗai ta jiƙa." Wannan kam ya ɓace mini ƙaf. Shekara ashirin ina ɗauke da alherin da ba nawa ba, na kuma yar da na mai shi.

Haka ma Baba. Na girma da wani ɗan ƙulli game da shi, cewa a ƙaramar sallar shekarar ya hana mu sabon ɗinki alhali yana da hali. Kayen ya nuna mini cewa makonni kafin nan na rubuta da hannuna: wani mutum ya zo da safe ya tura babur ɗin Baba ya fita da shi, da yamma aka shigo da buhu biyu. Na ga fitar babur, na ga shigowar gero, amma ƙuruciya ba ta bar ni na haɗa su ba. Sai yanzu, ina uwar ƴaƴa biyu. Daren nan na kira shi na karanta masa. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Ashe kin gani, ɗiyata." Na nemi gafararsa, ya ce ba abin da na yi mishi. Da ba don wannan takarda ba, da ƙullin nan zan raka shi kabari, ko shi ya raka ni.

A wurin aikina kullum ina tare da tsofaffin da mantuwa ta cinye, wasu ba sa gane ƴaƴan cikinsu. Da ina ganin su ne kaɗai abin tausayi. Yanzu na gane mu masu lafiya ma zuciyarmu ba adaka ba ce da za ka ajiye abu ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Tela ce. Duk sanda ka ɗauko tsohon labari sai ta rage nan ta ƙara can, har ya zauna daidai jikin mutumin da kake son a ce kai ne. Abin da aka rubuta a daren da abin ya faru shi ne ba ta iya sa wa almakashi. Kuma shekarun da kuke ciki yanzu, daga 12 zuwa 18, su ne ta fi yi wa gyara, don a cikinsu ne mutum ke yanke wa iyayensa da ƴan'uwansa hukunci da rabin sani, ya kuma riƙe hukuncin har furfura.

Akwai kuma abin da ya wuce ni da gidanmu. Mu mutanen da ke laƙaba wa shekaru suna ne, kamar yadda iyayenmu ke ce wa yunwar 1984 El-Buhari. Sunan yana zama, amma abin da aka ci, da wanda ya taimaki wa, da abin da yara suka ji ana raɗawa, duk suna bin tsofaffi ƙasa. A 1945 Gulbi ya cinye tsohuwar Maradi da ke cikin fadama, gari ya hau tudu inda yake yanzu. Labarin ya iso mana ta bakin kakanni da takardun Nasara. Ku ƙaddara a ce wata yarinya ƴar shekara 14 ta rubuta daren nan da ajami, abin da uwarta ta fara ɗauka da ruwa ya shigo, da inda suka kwana. Wa zai iya sayen wannan takarda yau? Nawa kayen ƙarami ne, amma a ciki na tarar da ranakun Maris 2005 da aka rufe kasuwa da shaguna saboda harajin kashi 19 da aka ɗora wa kayan masarufi. Na tarar da 29 ga Maris 2006, ranar husufi, da hantsi duhu ya rufe gari, sanyi ya sauko, kaji suka nufi akurki, kabbara na tashi daga masallatai, kakarmu ta kulle mu a ɗaki ni kuwa ina leƙe ta kafar ƙyaure. Na tarar da sunayen ƴan ajinmu mata da suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ranar da aka sa ta lalle. Wata ƙawata an kai ta ɗaki tana shekara 15, na rubuta duk abin da ta faɗa mini a daren ƙarshe. Wannan shafin nata ne, ba zan buɗe shi a nan ba, amma na aika mata hotonsa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don an faɗa mini: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma zuba sirri a takarda al'adar Nasara ce. Ina girmama maganar farko, ta biyun ce ban yarda da ita ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ku shiga Babbar Kasuwa ku gani ko akwai alhajin da ke barin lissafinsa a ka. A makarantar allo an koya mana cewa ilimi farauta ne, rubutu ne dabaibayinsa. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. To wanda ya zauna da dare ya rubuta abin da ya yi da abin da aka yi masa, me yake yi in ba wannan ba?

Batun ciki kuwa, gaskiya ne kunya adonmu ce. Sai dai ku dubi yaro mai tasowa a gidan Bahaushe. Ba ya iya kallon idon ubansa ya ce ransa ya ɓaci. In ɗan fari ne, uwarsa ko sunansa ba ta faɗa. Jikinsa na sauyawa, jarrabawa na gabansa, wataƙila ana zancen aurenta a tsakar gida ba a tambaye ta ba. Namiji ya tafi fada a sha shayi, can ma ba a faɗin abin da ke ci maka rai, sai a yi maka dariya. Kaye ne wurin da za a sauke wannan kaya ba tare da an yi wa kowa rashin kunya ba. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su zauna minti 15 kwana 4 a jere suna rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, sai aka ga a watannin da suka biyo zuwansu likita ya ragu idan aka gwada da sauran. Ni tun kafin in ji sunansa na san barcina ya fi daɗi a daren da na yi rubutu. Amma ku ji ni da kyau, ƙannena: in wani yana cutar da ku, ko kuna jin rayuwa ta ishe ku, takarda ba za ta cece ku ba. Ku rubuta, sannan ku sami gwaggo, ko yaya, ko malamin da kuka amince da shi, ku faɗa da baki.

Iyaye, roƙona gare ku ɗaya ne, kuma daga Inna na koyo shi. Wata rana tana kakkaɓe shimfiɗa ta ci karo da kayen. Ba ta yi boko ba, kuma na tabbata zuciyarta ta ba ta cewa wasiƙun samari ne. Tana iya miƙa wa yayana ya karanta mata a gaban kowa, haka ake yi a gidaje da yawa. Sai ta jira har na dawo daga lakwal, ta kira ni ɗaki. "Mi ke cikin wagga takarda?" Na ce, "Inna, zancena ne da kaina." Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini. "To ki ɓoye shi da kyau, gidan ga da yara." Da ta sa an karanta, da daga ranar zan daina, ko in koma rubuta abin da zai yi wa mai leƙe daɗi. Da na tafi karatu Yamai na manta da su gaba ɗaya. Ita ce ta tattara, ta ƙulle a leda, ta sa tare da zannuwan da ta fi so, takardun da ba ta san ko harafi ɗaya na cikinsu ba.

Ku kuma masu salula a hannu, abin da kuke sawa a WhatsApp da Facebook don idon mutane ne, shi ya sa kowa ke fitowa da kwalliya. Ga shi salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da aka matsu. Ku sayi kaye da bik. Ku fara sa kwanan wata a sama, don shi ne na fi gode wa kaina da shi. Ku rubuta da harshen da kuke mafarki da shi, boko ko ajami, kada ku damu da kuskure. Abin da kuke gani bai kai a rubuta ba shi ne zai fi daraja nan gaba: nawa aka sayi tiya yau, wa ya zo gaisuwa, wace magana kaka ta yi da ta ba kowa dariya. In an yi sati ba ku rubuta ba, ku ci gaba daga inda kuke. Shafin da ya ba ku kunya kuma kada ku yage shi. Ni shafin da ya fi ba ni kunya ne ya mayar mini da uwata.

Ɗiyar ƙanena ta cika 13 a bana. Na aika a saya mata kaye uku da leda mai kauri, na kuma sa ubanta ya yi mini alkawarin ba zai buɗe ba.

Biyun da ruwa ya shiga na 2007 da 2008 ne, shekarun da ciwon Inna ya fara. Na shanya su shafi-shafi a ɗakina, na ɗaga su a hasken fitila, tawadar ta narke ta zama shuɗin gajimare. Nan da can ina tsintar kwanan wata, da kalmar "Inna", sai kuma shuɗi. Abin da ta faɗa mini a waɗannan darare yanzu sai wanda zuciya ta ga dama ta ba ni.

Ku sa ta a addu'a. A gaida mutanen Bagalam da Mokoyo, a gaida na Tibiri da Madarunfa.

Taku,
wata ɗiyar Maradi a Liyon