Kowane Fic da Halinsa

Asabar, tsakiyar watan Janairu, Samaru.

Hazo ya lulluɓe gari tun da asuba, kuma sai da hantsi ya ɗaga sosai kafin sanyi ya saki mutane. Ina zaune a zaure ɗan yayana da ke aiki a Abuja ya yi sallama, ɗauke da wani ƙaramin kwali. Bayan mun gaisa ya ajiye shi a gabana ya ce, "Baba, ga abin nan da kake ba mu labarinsa tun muna yara, yau dai sai ka yanka da hannunka." Da na buɗe sai na tarar da fic ne, ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata wanda alhazai suka sani da sunan khokh a kasuwannin Makka da Madina. Takardar da ke jikin kwalin ta nuna cewa daga Afirka ta Kudu aka kawo su, kuma hakan ya dace da lokaci, domin yanzu ne ake tsakiyar zafi a can, lokacin da gonakinsu suke nuna, alhali na Turai da na Masar sai daga wajen watan Afrilu ko Mayu zuwa gaba.

Yaron ya yi dabara da bai sayo iri ɗaya ba. Ya tsinto daga kowane tire da ya gani a kantin, har ya haɗo da gwangwani guda na wanda aka dafa cikin ruwan sukari. Na yi shekaru ina koyar da darasin aikin gona, ina zana wannan ɗan itace a allo, saboda haka na roƙi mutanen gida kada kowa ya kai baki sai mun jera su a faranti mun dube su da kyau.

Abin da ya daɗe yana damuna game da fic shi ne yadda mutanenmu suke yanke masa hukunci da ɗanɗano ɗaya. Wani zai ci guda a tafiyar Umara ya dawo yana cewa tsami ne da shi, wani kuma ya ce salam yake ba ya da ɗanɗano, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa game da wanda ya ci. To amma a nan Zariya babu mai zuwa kasuwar Sabon Gari ya ce a ba shi mangwaro kawai ya yi shiru. Sai ya tambaya Binta Suga ne ko Faparanda, mai aure ne ko mai zare, domin ya san kowanne da girmansa da tsokarsa da irin zaƙinsa. Haka fic yake, har ma ya fi yawan iri, domin an daɗe ana zaɓensa. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda masu tonon tarihi suka samo ƙwallayensa a yankin kogin Yangtze waɗanda suka kai kimanin shekara 8,000. Ta hanyar Farisa ya isa Turai, kuma har yau ƙasar Sin ce take noma fiye da rabin abin da duniya take samarwa, sannan ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Turkiyya da Girka da Amurka su biyo baya.

Uwargida ce ta fara zaɓa, kuma hannunta ya tafi kai tsaye ga mafi girma, wanda ya cika tafin hannu, rabinsa ja wur, rabinsa ruwan ɗorawa. Na sa wuƙa a kan layin nan da ya tsaga shi daga hanci zuwa gindi, na kewaya har wuƙar ta dawo inda ta fara, sannan na riƙe ɓangarorin biyu na murɗa. Nan take ya rabu, ƙwallon ya zauna a gefe guda tsaf, na sa yatsa na ɗauke shi ba tare da ko ɗigon tsoka ya biyo shi ba. Gurbin da ya bari ja ne mai zane-zane, tsokar kuma rawaya ce mai sheƙi, ruwa yana tsattsafowa daga inda wuƙa ta bi. Wannan shi ne rukunin da ƙwallonsa yake saki, kuma yawancinsu tsokarsu narkewa take yi a baki idan sun nuna. Da muka ɗanɗana, zaƙi ne ya fara zuwa, sai tsami ya biyo shi a gefen harshe, ƙamshin kuma ya cika hanci. Uwargida ta ɗan yamutsa fuska ta ce, "Malam, wannan ai da sauransa." Na ce mata ya nuna sarai, haka halinsa yake, domin masu tsoka rawaya galibi sun fi ɗauke da tsami, kuma wannan tsamin ne yake ba su armashi a wurin masu sonsu.

Na biyun ya kusa kai na farko girma, amma rawaya ne kusan duka. Na yi masa irin yankan da na yi wa ɗan'uwansa, na murɗa, ya ƙi motsi. Na ƙara ƙarfi, sai ruwa ya biyo mini gwiwar hannu, ƙwallon kuwa yana nan manne. Dole sai da na bi shi da wuƙa ina yankowa sala-sala. Tsokarsa tsantsa ce mai ɗan tauri, tana da danƙo a haƙori, ba ta wargajewa. Mai gaggawa zai ce wannan aibi ne, ni kuwa a ganina baiwa ce, domin wannan taurin ne ya sa ake iya fere shi, a dafa shi, a rufe a gwangwani, ya yi tafiyar watanni bai zama kunu ba. Mun buɗe gwangwanin nan muka gwada, sai ga irin tsokar nan dai, kowane yanki da siffarsa. Masana'antun gwangwani na jihar Kalifoniya a Amurka da na Girka a kan wannan rukuni suka dogara, kuma a Afirka ta Kudu akwai wani sanannen iri mai suna Kakamas, wanda ya samo sunansa daga wani gari a bakin kogin Orange, ya kuma zama ginshiƙin wannan sana'a a ƙasar.

Wanda ya ba kowa mamaki shi ne mafi ƙanƙanta, wanda babu wanda ya kula shi da farko. A baje yake kamar an danne shi daga sama, da ɗan rami a tsakiya, fatarsa fari-fari da ɗan ja a gefe ɗaya. Jikata ma cewa ta yi, "Kaka, wannan ya lalace a mota." Da na tsaga shi sai ga tsoka fara mai laushi, da ɗan ƙwallo ƙarami kewayayye. Na kai wa Inna yanki a ɗakinta, ita da haƙora suka yi wa ƙaranci kuma ba ta shiri da duk wani abu mai tsami. Ta tauna a hankali, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai, ƙaro mini wannan, Allah ya yi wa yaron nan albarka." Sinawa suna kiran wannan iri fantawo kuma sun daɗe suna girmama shi, a Sifen kuwa yanzu ana noma shi da yawa ana kai wa kasuwannin Turai. Zaƙinsa tsantsa ne, da ƙamshi mai sanyi irin na fure. Abin lura a nan shi ne, ba lallai ne ya fi mai rawayar nan yawan sukari ba. Tsamin da zai yi gogayya da sukarin ne ya yi ƙaranci, shi ya sa harshe yake jin zaƙin a fili. Wannan ne ya sa mutanen Sin da Japan da Koriya suka fi karkata ga farare, har manoman Okayama a Japan sukan sa wa kowane ɗa jakar takarda tun yana kan reshe domin fatarsa ta fito fara tas ba tabo. Farin yana da rauni guda, wato saurin ƙujewa. Inda yatsana ya ɗan danna da safe, kafin azahar wurin ya yi duhu.

Bayan sallar la'asar maƙwabcina, wanda ya yi aiki shekaru masu yawa a lambun gwaji kafin ya yi ritaya, ya shigo muka zauna a kan na huɗun, mai santsin fata ba gashi ko kaɗan, wanda ake kira nektarin. Shi yana da yaƙinin cewa aurar da fic aka yi da wani itace daban aka samu wannan. Na ce masa, "Malam, wannan magana ta yaɗu, amma itace ɗaya ne." Bambancin ƙwayar halitta guda ce tak wadda take hana gashin fitowa, kuma akan ga bishiyar fic ta fitar da reshe ɗaya mai 'ya'ya masu santsi. Shi ma nektarin akwai fari akwai rawaya, akwai mai sakin ƙwallo akwai mai riƙewa. Namu rawaya ne, ya ɗan fi na farko ƙanƙanta, tsokarsa ta fi cika, ɗanɗanonsa kuma ya fi kaifi. Malam ya ci ya ce shi wannan ne nasa, domin gashin nan na fata yana sa masa ƙaiƙayi a leɓe.

Hirar ta kai mu ga batun girma, wanda a ganina nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Girman fic yana da tushe biyu. Na farko iri ne da tsawon zamansa a reshe: masu saurin nuna, waɗanda ake tsinka wata biyu da ɗoriya zuwa uku bayan fure, galibi ƙanana ne kuma ƙwallonsu yakan riƙe tsoka, masu jinkiri kuwa, da sukan kai wata biyar ko fiye, su ne manya. Na biyu hannun manomi ne, domin bishiyar fic tana ɗaukar 'ya'ya fiye da ƙarfinta, dole a bi reshe-reshe a rage su tun suna ƙanana, a bar tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakanin ɗa da ɗa. A garin Kalanda na yankin Aragon a Sifen, inda ake noma manyan rawaya masu riƙe ƙwallo da suke nuna a ƙarshen kaka, wannan ragewa da sa jakar takarda su ne sirrin sana'ar. Jan fata kuma ba shi ne alamar nuna ba, rana ce da halin iri suke kawo shi. Abin dubawa shi ne launin da ke ƙarƙashin jan, musamman kusa da hanci: idan da sauran kore an yi gaggawar tsinka, kuma fic ba ya ƙara sukari bayan ya bar reshe, laushi kawai yake yi.

Na ba Malam labarin iri biyu da suka sauya kasuwar Amurka, domin suna nuna abin da manoma suke nema idan suna zaɓe. Elberta, wanda Samuel Rumph ya fitar a jihar Jojiya a shekarun 1870 ya kuma sa masa sunan matarsa, babba ne, rawaya, mai sakin ƙwallo, kuma ya yi suna ne saboda yana jure tafiyar jirgin ƙasa zuwa biranen arewa. Redhaven kuwa, wanda Stanley Johnston ya fitar a jihar Mishigan a 1940, matsakaici ne mai jan fata, yana nuna da wuri, har ya zama ma'aunin da ake lissafa lokacin nunar sauran iri da shi. Ina jin takaicin yadda kantunan da suke shigo da waɗannan kaya ƙasar nan ba sa damuwa su rubuta sunan iri a jikin tire, domin wanda ya ci ya ji daɗi ba shi da sunan da zai koma ya tambaya.

Guda ɗaya cikin manyan ya ba mu kunya. Daga waje ba shi da aibi, amma cikinsa gari-gari ne, ba ruwa, kuma kewayen ƙwallon ya yi ruwan ƙasa. Wannan ba laifin iri ba ne, ciwon ajiya ne. Idan fic bai gama nuna ba ya daɗe a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 7 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne sanyin firjin gida, tsokarsa takan mutu ta wannan hanya. Saboda haka na hana a sa sauran a firji, na ce a jera su a faranti a inuwar ɗaki har su yi laushi, wanda ya nuna kuma a cinye shi a ranar.

Da magariba ta gabato na tarar jikata ta tara ƙwallayen a gwangwanin nan, wai za ta fasa ta ci abin ciki, sauran kuma ta shuka a bayan gida. Na karɓe na yi mata bayani cewa ƙwayar ciki tana da wani sinadari mai ɗaci da yake sakin guba a ciki, ba abin wasan yara ba ne. Batun shuka kuwa, Malam ne ya ɗauke shi da zafi, yana cewa ai wannan hunturun namu ya isa. Na so a ce haka ne. Bishiyar fic tana zubar da ganye ta yi barci, kuma ba ta farkawa ta yi fure yadda ya kamata sai ta tara sa'o'in sanyi ƙasa da kimanin digiri 7, yawancin iri daga sa'a 600 zuwa 1,000. Sanyin Zariya, duk da yadda yake fasa mana leɓe da diddige, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 ko da tsakar dare. Ga shi kuma ƙwallo ba ya maimaita uwarsa daidai, sai an yi aure kafin a samu irin da ake so.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take gaba ɗaya ba. Jami'ar Fulorida ta daɗe tana fitar da iri masu ƙarancin buƙatar sanyi, kamar Flordaprince na 1982 wanda kimanin sa'a 150 ta ishe shi, kuma da irinsu ne manoman Masar da na arewacin Indiya suke samun amfani da wuri. 'Ya'yansu ba su kai na ƙasashen sanyi girma ba, ƙwallonsu kuma yakan ɗan riƙe tsoka, amma fic ne na gaskiya. Na gaya wa Malam cewa idan za a gwada a ƙasar nan, tsaunukan Jos da na Mambila ne suka fi cancanta a fara da su, ba fadamar Galma ba. Shi dai bai sallama ba. Mun rabu a kan cewa ranar Litinin zai leƙa wajen tsofaffin abokan aikinsa ya tambaya ko akwai hanyar samun dashe mai aure na waɗannan iri, ni kuma zan rubuta wa wani tsohon ɗalibina da ke noman lambu a kusa da Jos in ji ko yana da fili a gefen tudu da zai ba mu aro.